Shekarun Wofa Yaw

Ina 'yar shekara goma Yaw Amoateng ya shigo gidan burodinmu na Techiman da jakar leda ɗaya, ya ce wa mahaifiyata, Maame Dufie, ya iya wuta. Ba ta tambaye shi komai ba, ta nuna masa tanderu. Tun ranar yake tsaye a bakin tanderun nan. Ni Wofa nake ce masa, kamar kawuna na jini, kuma ko da uwata ta tsufa ta sakar mini gidan, ban taɓa iya ɗaga masa murya ba, duk da kowa ya san bakina.

Mutumin bakin tafkin Bosomtwe ne. Kai, tafkin nan mun sha shi har ya ishe mu! In rana ta yi zafi sai ya ce yanzu a can iska na kaɗawa. In an kawo kifi daga kasuwa ya juya shi da yatsa ɗaya ya ce wannan ai katako ne. Ya ba mu labarin yadda suke hawa gungumen itace su shiga ruwa suna tuƙi da tafin hannu, ya maimaita har yaran kwaɓi suka haddace suna ƙarasa masa. Amma zuwa garin, sai in an yi mutuwa: ya je Juma'a, Lahadi ya dawo, ya yi kwana uku ba ya magana da kowa.

Na taɓa ce masa, "Wofa, tunda kana son garin nan haka, ka koma mana."

Ya ce, "Pokuaa, da me? In je in zauna 'ya'yan ƙanwata su riƙa aiko mini da tuwo suna ƙunƙuni? Ranar da zan koma, da abin da zan ci zan koma."

Abokin aikinsa, kuma abokin faɗansa, shi ne Kwadwo Ntim mai injin kwaɓi, ɗan Kokofu. Tun makon da suka haɗu Wofa Yaw ya ce shi ne babba, Ntim kuwa bai da ƙarfin musu, ya bar masa. Shi ke nan ya zama Opanyin, dattijon gidan. Shi ke fara wanke hannu, shi ke raba nama, in yara sun yi rigima gabansa ake zuwa. Ntim ke ɗauko masa kujera yana tsaki.

"Tsoho, sai ka ce kai ka haife ni."

"Yaro, lokacin da nake kama kifi kana tsotson yatsa."

Haka suke kullum, mu kuma muna dariya.

Sai sabuwar dokar fansho ta zo. Da ma can akwai doka, amma irinmu masu ƙananan sana'a kunnen uwar shegu muke yi da ita. Wannan karon ba wasa. Duk mai ma'aikata sai ya rubuta su, ya riƙa zuba musu kaso duk wata, in ba haka ba kotu. Na yi masifa, na zagi iska, daga baya na sa aka turo mana ma'aikaciyar ofis, wata mai tabarau mai haƙuri, ta zauna a rumfar sayar da burodi da takardunta.

Kafin ta fara ta yi mana bayani dalla-dalla. Wanda bai haura shekara arba'in da biyar ba, shi zai shiga, in ya cika sittin ya riƙa karɓa duk wata har ƙarshen ransa. Wanda ya haura, an wuce da shi: za a tara masa wani abu a gefe, a ba shi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan.

Ntim ya fito da katin baftisma, duk ya yi ja don tsufa. Satumba, alif ɗari tara da sittin da biyar. Matar ta duba ta ce, "Kai ka tsallake da ƙyar, saura wata kaɗan." Aka yi masa shewa.

Aka zo kan Wofa Yaw.

"Baba, yaushe aka haife ka?"

"Alhamis."

Duk muka kwashe da dariya, har ita. Wa bai san Yaw ɗan Alhamis ba ne? Mu nan ranar mako muke riƙewa, tana cikin sunanmu, shekara kuwa sai mai takarda.

Ta ce, "Na ji Alhamis. Wace shekara? Ba ka da kati ko ɗaya?"

Ba shi da shi. Ta ce to ba komai, ana iya rantsuwa a kotu, ya dai faɗi abin da ya sani. Tsakaninsa da Ntim, wa ya girmi wani?

Uwata na zaune a kan kujerarta, yaran kwaɓi sun leƙo ta taga, Ntim ya harɗe hannu yana murmushi. Ni ina bayan matar ina yi wa Wofa alama da ido, ina nuna ƙasa da yatsa, wato ya rage, ya rage. Ya gan ni sarai. Ya gyara tawul ɗin kafaɗarsa ya ce, "Na ba shi shekara biyu."

Wallahi ji na yi kamar in kife shi da farantin burodi. Matar ta sake tambaya, ya sake faɗa. Ta rubuta abin da ya ce, me za ta yi?

Da ta tafi na same shi a bakin wuta. Na ce, "Wofa, kana da hankali kuwa? Ko da gaske ne ba sai ka yi shiru ba? Wa ya ƙirga?" Ya ce mutum ba ya ƙanƙantar da kansa don takarda. Na ce girman zai saya maka kifi? Ya juya mini baya yana zaro burodi. Wata guda na yi ina bin sa, in lallasa, in yi faɗa, har Ntim na tura ya ce masa ya yafe, su je su rantse Ntim ne babba. Wofa ya kore shi da muciyar tanderu.

Shekaru suka tafi. Uwata ta rasu. Na sayi tanderun gas, ya ƙi taɓa shi, ya zauna da na itace. Gwiwarsa ta fara ciwo, idonsa na dama ya yi hazo saboda hayaƙi. Labarin tafki ya ragu a bakinsa, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Sai dai wani lokaci da rana, in an gama gashi, in gan shi a kan benci ya miƙe ƙafa yana kallon kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, duka a lokaci ɗaya.

Bara Ntim ya cika sittin. Takardunsa suka fito, ya ce zai koma Kokofu ya yi noman rogo ya huta. Muka yi masa liyafa ranar Asabar, aka daka sakwara, aka yanka akuya, Wofa Yaw ya raba naman kamar kullum.

Washegari da hantsi Ntim ya fito da akwatinsa na ƙarfe zai tafi tasha. Kafin kowa ya motsa, Wofa ya naɗe tawul ya ɗora a ka, ya sunkuya ya ɗauki akwatin.

Ntim ya ce, "Haba Opanyin, sauke! So kake mutane su zage ni? Ina aka taɓa ganin babba ya ɗauki kayan ƙarami?"

"Wuce gaba, in bi ka."

"Ka sauke na ce."

Wofa ya ce, "Kwadwo, ranar da sojoji suka fara ƙwace mulki a ƙasar nan, ka san ta?"

"Wa bai san ta ba? Fabrairun sittin da shida."

"To Alhamis ce. Uwata ta ce tana naƙuda ana ihu a rediyon maƙwabta."

Na tsaya da kwando a hannu na kasa ajiyewa. Mutumin da muke cewa bai san shekararsa ba, ashe ranarsa duk ɗan makaranta ya haddace ta. Ntim ya yi lissafi da yatsu.

"Wata biyar. Wata biyar na ba ka, ɗan banza! Shekara talatin da wani abu ina ɗauko maka kujera!" Ya yi kamar zai yi dariya, sai hawaye. "Yaw, don me? Da yanzu saura kaɗan ka biyo ni."

Wofa bai sauke akwatin ba. Ya ce, "A gaban Maame, a gaban yara, in buɗe baki in ce ƙarya nake tun zuwana? Kai kana da mata, kana da 'ya'ya, kana da fili. Ni girman nan, abin da na tara ke nan."

Muka kama hanyar tasha. Ntim na gaba, Wofa yana baya yana ɗingishi, ni ina bin su ina share fuska da gefen zane. Masu shaguna suna ta kallo.

Yaron mota ya karɓi akwatin, Ntim ya shiga ya zauna a bakin taga. Wofa ya matsa ya dafa ƙarfen tagar.

"In kun bar Kumasi ta Kuntanase za ku bi ko?"

"Ta nan ne."

"In kun zo mararrabar da ke gangarawa garinmu, ka leƙa ka duba mini ko ruwa ya cika bana."

Ntim ya ce, "Yaw, ai daga mararrabar ba a hango tafkin. Dutse ya tare."

Ya ce, "Na sani. Kai dai ka duba."

Mota ta tashi. Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya ce mini mu hanzarta, ya bar kwaɓin yamma a buɗe.