Tsutsar Burokolin Mahasin

Mahasin ba ta taɓa ganin burokoli, kayan lambun nan ɗan'uwan kabeji, ba sai da yaƙi ya koro ta daga Sudan zuwa Alƙahira. Farkon zuwanta kasuwar sari, masu ruwan ɗorawa ta zaɓa, wai su ne nunannu. Fadl dillali ya yi dariya har da hawaye, sannan ya koya mata: kore shar, kai a dunƙule.

Shekara biyu ke nan tana girki a gidan Madam Dalia a unguwar Zamalek. Aikin nan shi ne kuɗin hayar ɗakinta a unguwar Hayyin Ashir, shi ne abincin 'ya'yanta uku. Ta kuma san wadda ta gada, tsutsa ɗaya tak a faranti ta kore ta.

Bana sanyi ya ƙi sauka. Zafi ya ɓata gonaki, tsutsa ta samu sake, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya ninka. Fadl ya buɗe mata kwando biyu. Ɗaya duk huji, ɗaya tsaf.

Ta kai hannu kan mai kyan.

"Sunsuna tukuna, 'yar'uwa," in ji shi. "Bana duk wanda kika ga babu tsutsa, jiya-jiya aka yi masa wanka da maganin ƙwari."

Nuha, 'yar Madam mai shekara huɗu, ɗanye take gurgurar burokoli in ana yanka. Mahasin ta ɗauki mai hujin, tsoro fal cikinta.

A kicin ta jiƙa shi a robar ruwan gishiri har sau uku, tana bin kowane reshe da tsinke. Kunnenta na ƙofa. Ai kuwa sai ga Madam, Nuha na biye.

Tsutsotsi bakwai ne a saman ruwan, koraye, ɗaya na mutsu-mutsu.

"Mene ne wannan?" in ji Madam.

Mahasin ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Madam. Akwai mai tsabta, magani yake wari. Wannan kuwa kin ga tsutsarsa da ranta. Nuha ɗanye take ci."

Madam ta daɗe tana kallon robar. Ta ɗauki reshe ɗaya, ta jujjuya shi a haske, ta miƙa wa yarinyar, ta fita.

Mahasin ta sulale ta zauna a ƙasa. Sai da ta ji ƙurus-ƙurus a bakin Nuha sannan kuka ya zo mata.