Muryar Baffa

Shekarun baya, ina da shagunan maganin dabbobi a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Na gaji da maimaita awon magani ga masu saye, sai na sa abokina mai haɗa manhaja ya yi mini wata ta waya: ka danna hoton kwalba, ta faɗa maka murfi nawa za ka zuba a bokitin ruwa.

Kowane shago ya zo da buƙatarsa. Bebeji rubutu suke so, Kiru murya. Abokina ya ce, "Alhaji, bari in yi uwa ɗaya, sauran su riƙa ɗauka daga jikinta. Wata biyu zai ci."

Na ce, "Kwafa kawai ka canza, kasuwa jibi ce."

Haka muka yi ta kwafa muna canzawa, har muka wayi gari da manhaja guda bakwai a shaguna huɗu. Ni na raɗa musu suna: sabuwa, sabuwa ta ƙarshe, ta ƙarshe ta gaske. A lokacin gani nake na fi shi wayo.

Ta Doguwa da Fulatanci take magana. Wani dattijo makiyayi da nake kira Baffa ne ya ba mu muryarsa, kuma saboda shi rugage suka yarda da ita.

Sai maganin kaska ya zo da sabon haɗi mai ƙarfi, awo ya koma rabin murfi maimakon biyu. Abokina ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, ina dubawa. Shida muka gyara. Ta Doguwa muka kunna muka ji tana magana, daga ni har shi ba mai jin Fulatanci, muka ɗauka an gama.

Ranar kasuwa Baffa ya shigo shago. Ya gaishe ni har ƙarshe, ya tambayi iyali, sannan ya ajiye waya a kan tebur ya danna. Muryarsa ta fito. Ya ce, "Murfi biyu nake cewa a nan." Maruƙansa huɗu sun mutu, na maƙwabtansa sun fi haka.

Na ce, "Baffa, laifina ne. Zan maye wa kowa dabbarsa."

Ya ce, "Mayar musu, ɗana. Amma su ba kai suka ji ba, ni suka ji. Ka cire ni daga ciki."

Na mayar da maruƙa, na kuma ba abokina wata biyunsa. Yanzu awo a wuri ɗaya yake, ana gyara shi ko'ina ya gyaru. Na gane cewa duk abin da ka raba bakwai, sai ka tuna da shi sau bakwai, kuma ni mutum ne.

Ta Doguwa dai har yau rubutu kawai take nunawa. Na roƙi makiyaya da yawa su ba ni murya, kowa sai ya ce in fara tambayar Baffa. Ban iya zuwa wurinsa ba.