Furen Kuɓewa a Gidan Ba'amurkiya

Shekarun baya, farkon zuwana Dubai, kamfanin da ya kawo ni ya tura ni ban-ruwan fulawa a gidan wata tsohuwa Ba'amurkiya. Sana'arta zane, kuma furanni kawai take zanawa. Sai ta jera su a tulu, ta zauna ta ƙura musu ido. A raina na ce, lallai wadata ma ciwo ce.

Ni kuwa ɗan manomi, ganin ruwa na tafiya a kan abin da ba a ci yana ci min rai. Sai na faki ido na binne irin kuɓewa a bayan kicin. Alhali dokar kamfani ce, ka shuka abin da ba a sa ka ba, a sallame ka, biza ta tafi.

Ranar da asirina ya tonu, shugabanmu ya tsaya a kan kuɓewar yana kumfar baki. "Khalas, shi ke nan! Tuge ta, ka biyo ni ofis." Wallahi har na hango kaina a jirgin gida hannu rabbana.

Sai ga tsohuwa da sandarta. Ta duƙa, ta daɗe tana kallon furen, rawaya, cikinsa ja wur. Ta ce, "Ba mai taɓa wannan sai na gama zana shi. Mai ba shi ruwa ma ina buƙatarsa."

Furen kuɓewa da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya yanƙwane. Haka take fitowa cikin zafin nan, duk da tsufanta, tana haɗa launi. Ni da na girma da miyar kuɓewa, a allonta na fara ganin furen sosai. Na ce, "Mama, ashe haka yake da kyau?" Ta ce, "Kai dai tukunya kake kallo."

Duk zuwan shugaba sai ya tambaya ko an gama. Ta nuna masa wani ɗan gurbi da ta bari fari fat a zanen. "Saura kaɗan." Kuɓewa ta tsufa, na sake shukawa, saura kaɗan dai.

Ranar da kwantiragina ya ƙare lafiya, na shigo sallama da jakata. Ta ɗauki buroshi, kafin in gama gaisuwa ta cike gurbin.

Har yau in na tuna sai idona ya ciko. Ni duk zatona tsufa ne ya hana ta gamawa, ashe abincina take tsare min.