Magariba da Rana Tsaka

Duk shekara idan Sha'aban ya raba tsakiya nakan yi wa kaina alkawura. Zan sauke Alƙur'ani, ba zan bari asham ta wuce ni ba, zan gama duba takardun ɗalibaina kafin azahar don kada aikin makaranta ya cinye mini yamma. Na ƙarshe shi ne kame baki, kuma shi ya fi wuya, don ni mace ce mai saurin fushi, kowa a gidanmu ya shaida. A shekarar da nake ba da labarinta ma na yi alkawuran nan, ban cika ko ɗaya ba.

Lokacin na dawo gidanmu na Ƙofar Marke da zama, bayan na fita takabar mijina. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Baba kuwa tsufa ya kama shi ta inda ba mu zata ba. Idanunsa sun tafi, hankalinsa kuma yana zuwa yana komawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantar da fiƙihu a zaure, wanda idan ladan ya yi shakkar lokaci yakan leƙo ya tambaye shi, shi ne ya koma yana tambayata ni wace ce. Ina da yayye maza biyu. Babban malami ne, yana tafsiri a wani masallaci a Gidan Dahala, ƙaramin kuma ma'aikacin gwamnati ne. Kowa da uzurinsa mai kyau, jinya ta faɗo kaina.

Likita ya riga ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: ƙodar Baba ta gaji, dole ya riƙa shan ruwa a kai a kai, azumi kuwa kada a soma. Babban yayana ya ce shari'a ma ta ɗauke masa, za mu ciyar a madadinsa. Muka shirya ba za a gaya masa watan ya kama ba. Amma daren da aka ga wata yaran unguwa suka cika lungu da ihu, rediyon maƙwabta yana ta maimaita sanarwa. Baba ya manta sunana, ya manta Inna ta rasu, amma wannan labari ya shige shi ya zauna daram.

Da safe na kai masa koko da magani. Ya kawar da kai.

"Ke ba ki jin tsoron Allah? Azumi na."

Na lallashe shi, na karanta masa ayar da ta yi wa marar lafiya rangwame. Ya gyara mini wani wasali da na ja ba daidai ba, sannan ya ce shi lafiya tai lau. Bazara ce, irin ta Sakkwato da ruwan randa ma ke yin ɗumi. Haka ya wuni leɓɓansa na tsagewa, bai yarda ya sha komai ba sai da ya ji muryar ladanin masallacinmu. Ba a yi kwanaki da yawa ba ya sulale a kan buzunsa, muka kwasa sai asibiti aka ƙara masa ruwa. Likitan ya dube ni kamar ni ce na hana shi sha, ya ce idan aka sake wata rana ba lallai mu dawo da shi gida ba.

Da muka dawo na tsaya bakin zaure da magariba, na ɗauki kiran sallar ladaninmu a wayata.

Washegari da rana tsaka na bar makaranta ba tare da na nemi izini ba, na hau kabu-kabu na taho gida. Na sayi ƙanƙara a hanya, na zuba ruwa a kofin silbarsa, na ajiye dabino a faranti. Na ɗora wayar a kan taga na kunna. Baba ya ɗaga kai, ya amsa wa ladan kalma bayan kalma, ya yi addu'ar buɗa baki, ya kai dabino baki. Ya shanye kofin ya miƙo na ƙara.

"Ke ba ki sha?"

"Na sha, Baba."

Maƙogwarona a bushe ƙamas na faɗi haka. Sai ya ce in juya shi gabas, ya kabbara, ya yi raka'a uku a zaune, rana tana tsakiyar ka. Na koma bayan ƙofa na yi kuka. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana shan ruwa kamar ranar ba.

Haka azumina ya koma. Wata rana magariba biyu nake yi masa, wata rana uku, ta gaskiyar tana zuwa a ƙarshe. Takardun ɗalibai suka taru a kan tabarma, shugabar makaranta ta fara gaishe ni a daƙile. Alƙur'anina yana nan da alamar da na sa a cikin Baƙara. Idan aka tada asham ina jin karatun liman ta katanga, ni kuwa ina wanke zanen gadon Baba. In na samu na kabbara, zuciyata tana can tana lissafin ko ya yi fitsari yau, ko launinsa ya sake. Ina jin mata a makaranta suna kwatanta izu nawa kowace ta kai, sai in ji haushinsu, in kuma ji haushin kaina da nake jin haushinsu da azumi a bakina.

Ranar da babban yayana ya biyo da azahar ya tarar da wayar tana kira, ya tsaya turus a bakin ƙofa. Ya jira har Baba ya sallame, ya ja ni tsakar gida.

"Mi nika gani haka? Kiran salla abin wasa na? Kin sa dattijo yin magariba da rana!"

"To Malam, kai ka ba shi ruwan. Ga kohi nan."

"Ki ji tsoron Allah."

"Ina jin shi. Kai kana can kana hwaɗa ma mutane haƙƙin iyaye da lasifika, ni ko ni ka wankin kashi nai. In kana da wata dabara cikin littahwanka, kawo ta."

Na faɗi abin da ya fi haka, ba zan maimaita ba. Ya shiga ya gwada da kansa, da ayoyi da lallashi. Baba ya ce masa baƙo ba ya shigowa gidan mutane ya koya musu addini. Yayana ya fito idanunsa sun yi ja, ya sa takalmi ya tafi. Bai sake hana ni ba, bai kuma taɓa cewa na yi daidai ba. Ni ma har yau ban san hukuncin abin da na yi ba.

Dabarar ba ta kai mu ƙarshen wata ba. A cikin goman ƙarshe, na kunna wayar kamar kullum, sai na ga Baba ya miƙa hannu yana laluben bangon da yake jingina. Bangon yamma ne, na ƙasa. Ya ɗora tafinsa ya daɗe.

"Bangon ga bai ɗau rana ba tukuna. Ladanin ga ya yi gaugawa."

Ya ture kofin. Daga ranar, kowane kira sai ya taɓa bango. Ya san yadda yake kafin rana ta juyo kansa, ya san zafinsa na la'asar, ya san lokacin da yake fara hucewa. Na jiƙa bangon da ruwa, ya ce damina ba ta yi ba. Na matsar da gadonsa, ya rarrafa ya koma. Na daina fushi, don babu wanda zan yi wa. Abu ɗaya ya rage mini, in ga watan Shawwal ya tsaya a huta.

Ranar salla yayyena suka zo daga idi da manyan riguna, ana ta kai tuwo gida-gida. Na dama fura na sa mata ƙanƙara, muka shiga mu uku muka durƙusa.

"Baba, barka da salla. An ga wata jiya," in ji babban.

"Wa yag gane shi?"

"An yi sanarwa, Baba. Gari duk an sauko idi."

"Ku su wa na?"

"Ɗiyanka na."

"Ban san ku ba. Ba a aje azumi da shaidar wanda ba a sani ba."

Ƙaramin yayana ya sunkuyar da kai. Na matsa kusa, na kama hannun Baba, na ce ni ce, wadda ke kwana da shi, wallahi yau salla. Ya juyo da fuskarsa wajena, na ga alamar ya gane.

"Ke kam na san muryarki," ya ce a hankali. "Ke ta mai yi man magariba da rana."

Ya zare hannunsa ya mayar kan bango. Yayyena suka tashi, suna da gidajen da za su je gaisuwa. Na zauna da kwanon furar a cinyata har ƙanƙarar ta narke, muna jiran rana ta faɗi.