Marmaron da Tafki Ya Haɗiye

Kakata Sokome, wadda kowa a gidanmu yake kira Kogo, ba ta iya faɗa a hankali ba. In ta daka wa akuya tsawa a bakin garke, karnukan maƙwabta ma sai sun shige ƙarƙashin rumbu. Ni kuwa tun ina ƙarama maganata ba ta cika wuce haƙorana ba, shi ya sa take ce mini Bebiya. Da na gama jami'a na dawo gida jiran aiki, sai ta ƙara mini muƙami, na koma Bebiya mai takarda.

A bakin tafkin Bogoriya aka haife ta, a wata bukka da ke gindin ɓaure, kusa da marmaro mai zafi irin wanda ke tsarto ruwa sama ya wuce tsayin mutum. A bukkar nan mahaifiyarta Teriki ta rasu. Kogo na budurwa aka ce wurin ya zama gandun daji, aka kwashe su da awakinsu zuwa kan duwatsu. A can ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, ta riƙe marayunta da mursik ɗin da take kaiwa kasuwar Marigat, kindirmon nan namu mai ɗigon gawayi. Tun daga ranar ba ta ƙara taka bakin tafkin ba. Ta ce ba za ta tsaya a ƙofa yaro mai kaki ya tambaye ta wurin wa ta zo ba.

A gidanmu in an yi haihuwa, tsofaffin mata kan zauna su yi ta kiran sunayen waɗanda suka riga mu, ɗaya bayan ɗaya. Sunan da jariri ya yi atishawa a kansa shi ne sunansa na gida. A zamanin Teriki, in yaro ya fara tafiya akan kai shi gaban marmaron nan, a zuba nono, a faɗi sunan da ƙarfi don mai shi ya ji an tuna da shi. 'Ya'yan Kogo da mu manyan jikokinta babu wanda aka kai, ta kuwa haɗiye abin. Sai da autanta, Kawu Kimosop mai shagon kayan mota a Nakuru, ya haifi mace, yarinyar ta yi atishawa a kan sunan Teriki. Daga nan Kogo ba ta sake samun sukuni ba. Gwiwoyinta sun fara ƙin tudu, idonta ya yi hazo, ta san in ba ita ta kai yarinyar ba babu mai kaiwa.

Ta ji labarin tafkin ya cika ya ci gaɓa. Ta tambayi Kawu a gabana ko marmaron na nan, ya dafa ƙirji.

"Mama, da idona na gan shi. Yana nan yana tsalle kamar ɗan maraƙi."

Shekara ta zagayo yana cewa sai hutu mai zuwa, sannan wata Asabar ya iso da mota da yaransa biyu. Namijin Brayan, ya shiga firamare. Macen kuwa Shantel suke ce mata, ba ta kai huɗu ba. Uwarsu tana wurin aiki, don haka aka jefa ni a baya in riƙe su. Kawu ya sha fararen takalma sababbi, ya sayo ƙwai ɗanye cikin leda, domin duk wanda ya je can sai ya dafa ƙwai a marmaro ya ɗauki hoto. Kogo ta zauna gaba rungume da goran nononta, wanda ta kwana biyu tana gyarawa.

A ƙofar gandun ba ta ɗaga kai ba. Yaron mai kaki ya leƙo ya gaishe ta da ladabi, ta amsa wa goranta.

Muka tarar da wurin cike. Motar 'yan makaranta, wasu turawa da jajayen wuya, warin baragurbi ko'ina. Marmaron yana huci, ya yi shiru, ya sake watso ruwa sama, iska ta kwaso tururin ta mare mu da shi. Brayan ya ƙwalla ihu zai ruga, na cafko rigarsa. Shantel ta cusa fuska cikin zanena. Ƙasar wurin ɓawo ce kawai a kan tafasasshen ruwa, amma ubansu ko waiwaye bai yi ba, yana can yana ɗura ƙwai cikin safa yana ƙulla ta a bakin sanda.

Da ya zo wucewa ta gefena ya rage murya.

"Ke, kada ki ce komai. Nata marmaron ruwa ya cinye shi tun tuni, can gaba inda itatuwa suka bushe. Marmaro ai marmaro ne. Ta zuba nononta mu tafi."

Na tuna yadda ya dafa ƙirji. Na tuna daren jiya, tsohuwar nan a tsugune tana goge gora da toka. Na ƙara damƙe rigar Brayan.

Kogo ta tako a hankali da sandarta. Ta tsaya, ta juya dama, ta juya hagu, ta daɗe tana kallon dutsen da ke bayanmu.

"Kimosop, ina ɓauren?"

"An sare, Mama. Kin san mutanen yanzu."

"Dutsen ma sarewa aka yi? Ni da na tashi dutse na hannun hagu in na fuskanci ruwa, yau ya zagayo bayana?"

"Mama, shekaru fa sun ja. Ga shi nan, ki yi abin da ya kawo ki, rana na yi."

Ya tsoma safar ƙwansa cikin ruwan da yake so ta kira uwarta a kai. Kogo ta kalli safar. Sannan ta juyo gare ni.

"Bebiya. Ke aka kashe wa awaki kika yi karatu. Ina ɓauren?"

Na nuna da haɓa, can inda busassun itatuwa suke tsaye cikin tafki.

Abin da ya biyo baya, 'yan makarantar nan za su daɗe suna ba da labarinsa. Malamarsu ma ta daina ƙirga su ta tsaya saurare.

"Ni za ka mayar jaririya? Ni da na goya ka kana zawo a bayana har ka yi haƙora? Ka kawo ni murhun 'yan yawon buɗe ido, inda kowane ɗan iska ke dafa ƙwai cikin safar ƙafarsa, ka ce in kira uwata a nan? Waɗanda suka kore mu ma sun fi ka, su a fuska suka faɗa mana!"

"Mama, mutane na kallo."

"Su kalla! Ba kallo suka zo yi ba? Ga ƙari, su ɗauki hotonka, ɗan da ya sayar wa uwarsa marmaron jabu kamar yadda yake sayar da kayan mota!"

"Don kada ranki ya ɓaci na yi."

"To, ga shi ya yi fari tas."

Ta juya ta kama gaɓa da ƙafa. Na saɓa Shantel, na ja Brayan, muka bi ta. Kawu ya tsaya da sanda a hannu, ya rasa ko ƙwai zai ceta ko mutunci, daga baya muka ji takunsa a bayanmu. Tafiyar ba ta da tsawo ga mai ƙafa, amma Kogo ta tsaya hutawa ya fi a ƙirga, kuma duk tsayawa sai ta samo sabon zagi. Da Kawu ya miƙa hannu zai tallafe ta, ta kai masa sanda.

Titin da kansa ya gangara ya shige ruwa. Daga nan sai laka mai kanwa, da tsuntsayen filamingo suna ta kiwo ba ruwansu, da gawarwakin itatuwa farare kamar ƙashi. Kogo ta kare ido da tafin hannu. Itace ɗaya ya fi sauran kauri, reshensa guda ya miƙe ta gefe. A bayansa, can ciki, fuskar tafkin tana kumbura tana faɗawa kamar tukunyar da aka rufe, ɗan tururi na tashi.

Ta yi shiru. Ban taɓa jin Kogo ta yi shiru irin wannan ba, ya fi faɗan ban tsoro.

"A reshen nan muke rataye gora," ta ce.

Ta gwada sa ƙafa, laka ta kama sandar. Ba za ta iya ba. Ta miƙa wa Kawu goran ba tare da ta dube shi ba.

"Shiga. Iyakarka itacen farko, kada ka wuce, ban ce ka dafu ba tukuna."

Ya kalli fararen takalmansa. Ya kalli uwarsa. Ya shiga da su, laka na tsotsa, ruwa ya kai masa gwiwa. Da ya dafa itacen ya waiwayo.

"Zuba, ka faɗi sunan ɗanka!"

"Brayan!"

"Wane ne Brayan a cikin matattunmu? Sunansa na gida, sakarai!"

Kawu ya tsaya baki buɗe, nono na ɗiga. Yana wurin aka raɗa sunan, shi ya yanka akuyar, amma ya tafi da shi Nakuru ya yar. Yaron ya ɗago ya dube ni, na sunkuya na faɗa masa a kunne. Ya cika ƙirji ya ƙwala da kansa.

"Komen! Ni ne Komen!"

Tsuntsayen kusa suka tashi. Kogo ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta karɓi yarinyar daga hannuna, ta tsayar da ita a gabanta tana fuskantar ruwa, ta riƙe kafaɗunta. Ba ta bar wa Kawu wannan ba. Muryar da ke korar karnuka ta fito, ta haye tafkin.

"Teriki! Ga ki nan na kawo ki! Na makara, ba laifina ba ne kaɗai. Teriki!"

Farin nonon ya bazu a kan koren ruwa. Iska ta juyo da tururin wajenmu, yarinyar ta yamutsa hanci, ta yi atishawa har ta kusa faɗuwa zaune.

Kawu ya fito yana jan ƙafa, takalmi ɗaya ya zauna a laka.

"Mura ce fa, Mama. Tun jiya take yi."

Kogo ta goge wa yarinyar hanci da bakin zanenta, ta karɓe goranta ta duba ko ya fasa.

"Wa ya tambaye ka?"

A hanyar komawa ta ce ba za ta zauna kusa da shi ba. Ta shigo baya ta matse tsakanina da yaran, Teriki ta yi barci a cinyarta, ni na koma riƙon gora. Kawu ya tuƙa da ƙafa ɗaya ba takalmi. Mun wuce ƙofar gandun Komen ya tuna da ƙwai, ya fara kuka.

"Yi shiru," in ji Kogo. "Ubanka ya bar wa danginsa 'yan yawon buɗe ido."