Leda Mai Lamba Bakwai

Ko tsufa ya kwashe min komai daga ka, ba zai kwashe labarin ledar nan mai lamba bakwai ba.

Lokacin kullen korona ina zaune a Danau Kota, cikin Kuala Lumpur, ina sayar wa 'yan gida kuka da daddawa da yaji. Maƙwabcina ɗalibi ne ɗan Zariya, yana digiri na uku a kan ganyayen daji. Da aka rufe ɗakin bincikensu, sai ga shi da ledoji goma sha biyu na garin ganye, kowacce da lambarta, wai in saka masa a firiza.

"Alhaji, amana ce," in ji shi. "Shekara biyu matsattsaku na shan jinina a daji kafin na tara su."

Na tambayi amfaninsu. Ya ce jikin mutum ma yana tsatsa, kamar yadda yankakken dankali ke baƙi in ya sha iska, kuma wasu ganye na da sinadaran da ke tare wannan tsatsar. Wai sukan ɗiga ruwan ganyen cikin wani ruwa shunayya; in ya koma rawaya, ganyen na da ƙarfi.

Ni dai magani kawai na ji. Annoba a waje, magani a firizata! Ɗan kasuwa kuwa ba ya ajiye kayan da bai ɗanɗana ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina lasa. Lamba bakwai ta fi ɗaci, a wurinmu kuma ɗaci shi ne shaidar magani. Na fara zuba cokali guda a shayi kullum.

Maiɗakina ta ce, "Alhaji, wannan rigakafin naka ai a bayi yake ƙarewa."

Ban saurare ta ba. Cikin mako uku leda ta lafe. Sai na yi dabarar da har yau nake kunyarta: na cika ta da kukata, tunda launinsu ɗaya.

Bayan an sassauta kulle ɗalibin ya kwashe kayansa. Ran nan sai ga shi a guje, takunkumi a haɓa.

"Alhaji, lamba bakwai! Tana taɓa ruwan ya koma rawaya. Malamata ta ce a kanta zan gina babi guda na kundin digirina!"

Ranar da aka gano, shi za a ce ya ƙirƙiri sakamako, digirin ya tafi. Na ce, "Dakta, zauna. Kuka ce."

"Wace kuka?"

"Ta miya. Irin wadda ka sha jiya a gidan nan."

Ya sulale ƙasa. "To ganyena fa?"

"Na shanye."

"Innalillahi! Alhaji, ko gwajin guba ba a yi masa ba! Canza launi a kwalba ai ba shi ne magani ba!"

Washegari ya faɗa wa malamarsa gaskiya. Wai sai da ta share hawayen dariya, sannan ta ce a bar kukar a kwatanta ta da sauran, amma lamba bakwai sai an sake tsinko ta. Ni na ɗauki buhu muka shiga daji. Matsattsaku suka rama masa a ƙwaurina, yana tsaye yana ƙirgawa.

Tun daga ranar na san amana ba haja ba ce, ba a ɗanɗana ta. Abin da na sha ɗaci ina nema kuma, ashe kullum yana cikin tukunyar gidana.