Ƙyauren da Baffa Ya Shafa wa Fenti

Shekarar da mahaifina ya rasu ita ce shekarar da na shiga karatun gaba da digiri a fannin adana kayan tarihi. Ina koyarwa a wata firamare a Kiru, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in hau bas zuwa birni, in dawo ran Lahadi. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ban yi dogon tunani ba. Na ce kayan da mutanenmu suka fito da su lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garuruwansu.

Akwai wani ƙyauren katako a ɗakin mahaifina. Na tsohon gidanmu ne. Bayan an tashe su daga garin, mahaifina ya koma a kwalekwale ya ɓalle shi, ruwa ya riga ya kai masa gwiwa. Ruwan ya bar wani layi baƙi a jikin katakon, daga wannan gefe zuwa wancan. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne. Idan muka tambaye shi labarin tsohon gari, sai ya nuna layin da sandarsa ya ce, "Nan ya tsaya ranar da na je." Iyakar labarin ke nan.

Wannan layin nake so in adana. Malamar da ke duba aikina ta ce za ta zo ta gani da idonta, in ya dace a karɓe shi a ɗakin ajiyar sashenmu. Na buga wa Baffa waya, ƙanin mahaifina wanda gidan ya koma hannunsa, na gaya masa muna tafe ranar Asabar.

Muka iske ƙyauren a jingine a zaure, shuɗi fes, yana ƙamshin sabon fenti. Har an sa masa sabon mariƙi.

Baffa yana murmushi ya ce, "To, ɗan boko, ka gani? Da kaina na je Yako na ɗauko mai fenti. Shafi biyu na sa ya yi."

Na ce, "Baffa, layin fa?"

"Wannan dattin? Kai dai ba ka da kunya. Kayan yayana za a kai birni gaban manya, a ce mun bar shi kamar ƙofar akurki?" Ya juya wajen Malama. "Hajiya, ki yi haƙuri da shi, tun yana yaro ba ya son wanka."

Malama ta yi dariya kaɗan ta ce, "Baba, an gode, Allah Ya saka da alheri." Ni kuwa na fita bayan gida na tsaya wajen rumbu. Ko ranar jana'iza hawaye bai zo mini kamar na wannan rana ba.

A hanyar komawa ta tambaye ni ko an kankare katakon kafin a shafa. Na koma na tambayi mai fentin. Ya ce wanke shi kawai ya yi da omo da soso, bai sa takardar goga ba. Malama ta ce watakila layin yana nan a ƙasa, watakila kuma soson ya tafi da shi. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta dai nuna mini yadda ake naɗa auduga a tsinke, a tsoma a wani ruwan magani, a riƙa ɗaga fentin kaɗan-kaɗan ba tare da an ji wa katako ciwo ba.

Da farko na yi niyyar cire shi duka. Daga baya na fasa. Baffa bai iya zaman makoki da surutu ba, abin da ya iya yi wa yayansa ke nan. Na bar saman yadda yake, da shuɗinsa, na rubuta a bayanin ƙyauren wanda ya sa aka shafa da dalilinsa.

Sauran gidajen da na shiga a Bebeji da Tudun Wada, ni kaɗai nake fara zuwa. In gaisa, in ci abin da aka kawo, sannan in roƙe su kada a wanke komai. Wata tsohuwa a Burumburum ta ce lallai karatun nawa na ƙazamai ne, amma ta ajiye mini tukunyarta da baƙinta.

Ƙyauren yana ɗakin ajiya yanzu. Duk Asabar in an tashi daga aji nakan zauna a gabansa da auduga. Daga ƙasa na faro, ina yin sama. Wurin da na buɗe bai fi tafin hannu biyu ba, kuma ban kai gwiwa ba tukuna.